Ranar Da Aka Auna Hawayen Baba

Yau likita ya saƙala min 'yar siririyar takarda a ido don auna hawaye, sai na tuna Babanmu.

A shekarun fari, likitoci masu binciken bushewar ido sun zo garinmu Dogo. Suka saka wa Baba irin takardar nan, ta fito a bushe ƙamas.

Da za a sake, likitan ya ce, "Baba, ya gona?"

"Wace gona? Har irin geron da na gada wurin ubana mun daka mun cinye."

Takardar ta jiƙe sharkaf. Likita ya ce awo ya ɓaci.

Baba ya ce, "Rubuta dai, ɗana. Wannan ne na gaskiya."

Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar. Allah ya jiƙan Baba. Ku fa, kun taɓa ganin na mahaifinku?