Ranar da Yaya Kande Ta Sallami Gayya

Shekara goma sha bakwai ke nan da muka binne yayata Kande a bayan cocinmu, can gefen Mabai, kuma har yau ban gama yi mata tambayoyi ba. Ko da tana da rai ba ta cika ba ni amsa ba. Sai ta dube ni ta ce, "Tanko, bakinka ya fi hannunka aiki," ta ci gaba da abin da take yi.

Mu a gidan Maguzawa muka tashi, kuma a wurinmu gayya ba ta yiwuwa sai da giya. Kai ka kira mutane, su zo da hauyoyinsu da makaɗi, su nome maka gona a yini guda, kai kuma ka sauke musu tuluna a gindin ɗorawa. Duk yankin babu macen da ta kai Yaya Kande hannu. In aka ji ita ta dafa, har daga Sheme mutane ke tahowa gayyar da ba a gayyace su ba.

Bayan mijinta ya rasu ta karɓi baftisma, ta kife tukwanen giyarta. Na daɗe ina zaton mai bisharar garinmu ne ya hana ta. Daga baya shi da kansa ya gaya mini bai taɓa tayar mata da maganar ba. Abin da ya faru shi ne, a shekarun nan da kuɗin mai ya shigo, gwamnati ta buɗe makaranta kyauta kusa da mu. 'Yan'uwanmu da ke unguwannin daji, har wajen Sabuwa, ba su da makaranta kusa, sai Yaya Kande ta ce a kawo mata yaran su zauna gidanta. Tara aka kawo, ga nata uku. Ta ce ta yi wa Ubangiji alkawari, dawarta ta tuwon yaran nan ce, ko ƙwaya ba za ta shiga tukunyar giya ba, kuma ba za a sha giya da sunanta ba.

Kuɗin man da ya kawo makarantar shi ya kwashe majiya ƙarfi. Wasu sun bi aikin hanya, wasu sun tafi leburanci birni. Ni ina cikin masu aikin masaƙa a Kaduna. Da damina na zo ganin gida da wando mai faɗin ƙafa da rediyo a kafaɗa, ina jin duniya ta zo hannuna. Na tarar ciyawa ta kusa shanye mata dawa. Ta kira gayya ta ce akwai tuwo da kunu, mutum biyu suka amsa, su ma don kunya.

Sai na yi dabara irin ta ɗan birni. Na je wurin wata maƙwabciya na sa ta dafa tulu shida, na bi gida-gida ina raɗa wa maza cewa su zo, akwai abin sha, kada dai su tayar da zancen gaban mai gona. Ranar gayya mutum ya kai talatin. Ganga na tashi, ƙasa na juyawa, Yaya Kande na ta murna tana cewa Allah ya taɓa zukatan mutane. Ni kuwa ina gefe ina jin daɗin kaina.

Rana ta take, an ci kusan rabin gona, ta ɗauko kunu ta nufi inuwa. Nan ta ga tulunan a bayan ɗorawa, an rufe su da ganye. Wadda ta yi shekara ashirin tana dafa abu ba ta bukatar buɗe tulu ta san abin da ke ciki. Ta ajiye ƙwaryar, ta ɗaga wa makaɗi hannu ya tsaya.

"Iyayena, ƙannena, na gode," in ji ta. "Wannan abin ba nawa ba ne, ban san da shi ba. Wanda ya zo don shi, ya ɗauka ya tahi da shi gida, ba faɗa. Amma ba a gonar ga ba."

Baba Nomau, dattijon da ya fi kowa shan giyarta a da, ya jingina da hauyarsa ya ce, "Kande, ki bari a ƙare aikin mana. Ɗiyan ga mi za su ci?"

"Allah shina nan, Baba," ta ce.

Suka ɗauki tulunansu suka watse. Ba ta zage ni ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Hauya kawai ta miƙo mini. Na yi kwana uku ina noma, hannuna ya yi kanta, hutuna ya ƙare na koma Kaduna. Na ji Baba Nomau ya riƙa zuwa shi kaɗai da sassafe yana taya ta, yana mita yana noma, har ya mutu kuwa bai shiga coci ba. Duk da haka ƙarfin mutum biyu bai ceci sauran gonar ba. Ciyawa ta cinye ta.

Na daɗe ina juya abin nan a raina. Mutanen sun riga sun zo, giyar an riga an dafa, ba da dawarta ba, ba da saninta ba. Wa zai kama ta da laifi in ta kau da kai na yini ɗaya? Ni da na yi masaƙa, na yi direba, na sayar da taki, na ɗan taɓa siyasa, kowanne na sake shi da ya yi zafi, na kasa gane mutumin da ke riƙe abu ɗaya haka. Na taɓa tambayarta bayan ta tsufa. Ta ce, "Da na yi shiru ran nan, kowace damina sai na yi shiru." Ta koma kan tsinkar yakuwarta.

Ina son in san abin da za ta ce da ta ga yau. Gayya ta mutu a garinmu ba tare da kowa ya yi wa'azi a kanta ba. Mutum ɗaya da tankin feshi a baya yana kashe ciyawar da ta gagari maza talatin. Ina jin za ta yi dariya, sannan ta tambaya wa ke zuwa gaishe ka in ka kwanta ciwo, tunda ba wanda ya taɓa yin gumi a gonarka. Gonar tata ma yanzu ba kullum ake iya zuwa ba saboda halin da daji ke ciki. Jikokinta kuwa suna zaune a coci, ido ɗaya kan mai wa'azi, ɗaya kan waya. Ba na jin za ta yi musu faɗa. Za ta tambaye su ne, kai me ka sa a gaba, ta tsaya tana jiran amsa.

Akwai abin da ban sani ba sai ranar jana'izarta. Bazarar da ta biyo bayan gayyar nan, duk wanda ya zo Kaduna daga gida sai ya ce mini Kande ta zama mai azumi, ba ta cin komai sai rana ta faɗi. Na riƙa yi mata tsiya a wasiƙun da yaran ke karanta mata, ina cewa ta rage wa sauran masu bi aljanna. A bakin kabarinta wata malamar asibiti, ɗaya daga cikin yaran nan tara, ta ja ni gefe. Ta ce ita ke shiga rumbu ɗebo dawa a lokacin, ta san inda dawar ta tsaya. Tun kafin ruwan fari ake ganin ƙasan rumbun. Iyayen yaran sun aiko a mayar musu da su, Yaya Kande ta ce makaranta ba ta tashi ba.

Na tambayi malamar, to azumi ne ko yunwa? Ta ce ita ma ta taɓa tambaya, Inna, kamar yadda suke kiran Yaya Kande, ta ce mata wanda take yi dominsa ya san ko wanne ne.

Ba ta bar gida na bulo ba, ba ta bar sarauta ba, sunanta ma da ƙyar ta iya rubutawa. Amma cikin yara goma sha biyun nan, babu ko ɗaya da ya kwana da yunwa a shekarar, babu kuma wanda aka mayar daji kafin ya iya karatu.