Fuskar da Na Ara wa Tsohuwa Mai Shayi

Jegon fari a gidan Gwaggo na yi shi, ƙanwar babana, a wani ƙauye bayan Cadawa inda ba a samun rezon waya sai an hau tudun bakin hanya. Ni da na saba kullum ina buro wurin aiki a Gazawa, sai ga ni a ɗaki kamar tunkiyar turke. Da safe ruwan zafi da ganyen darbejiya, da yamma ruwan zafi, tsakani kunun kanwa. Waya kuwa, ranar da na iso Gwaggo ta kulle ta a adaka, wai haskenta na kashe idon mai jego.

Abin da ya fi ci min rai, a lokacin ne ake jiran fitowar fim ɗin katun na littattafan da na fi ƙauna. Tun ina 'yar makaranta a lakol nake karanta su da Faransanci. Labarin wata tsohuwa ne mai rumfar shayi a bakin daji, aljannu da dodanni su zo su sha, su sauke mata damuwarsu, su tafi lafiya. Ba yaƙi, ba kisa. Ba a taɓa kwatanta kamanninta ba, ni kuwa na ba ta fuskar Kaka, uwar su Gwaggo, wadda ta raine ni. Har Kaka ta koma ga Allah ba ta yarda an ɗauke ta hoto ba. In na tuna rumfar nan, sai in gan ta da zanen Gobir a kumatu, da wushirya, da jan goro a leɓe. Nan kaɗai fuskarta ta rage min.

Kafin in taho na sa maigidana ya rantse zai kawo min ko ɗan guntun tallan fim ɗin ne. Ranar kasuwa ya zo kan babur, kunyar surukai ta tsai da shi a zaure.

"Gwaggo, don Allah, gaisawa kawai za mu yi."

"Gaisuwa da baki ake yi, 'yar nan. Na san halinki sarai."

Na yi ta magiya har ta gaji, ta ce in je. Ina isa zaure maigidana ya kunna min tallan a wayarsa.

Kai, sun iya zane! Ga rumfar, ga butoci na yawo a sama, ga wani dodo yana hura shayi don kada ya ƙone. Sai tsohuwar ta juyo: gajera, kumatu jajur, da tabarau a karan hanci. Na ce ai ba haka take ba, amma na yi dariya, na sake kallo, na sake, har Gwaggo ta yi gyaran murya.

Na koma ɗaki na ɗauki jaririyata, wadda muka sa wa sunan Kaka. Ina ba ta nono na rufe ido don in kira fuskar Kaka kamar kullum. Mai tabarau ce ta zo. Na kore ta, ta dawo. Na ɗora mata zanen Gobir, ya ƙi zama. Wallahi tsoro na ji.

Gwaggo ta shigo da damin ganye a hannu.

"Gwaggo, wushiryar Kaka, sama take ko ƙasa?"

Ta ajiye damin ganyen a ƙasa.

"Ai ke ce kullum a gabanta," ta ce a hankali. "Ni ma ke nake shirin tambaya."

Sannan ta ce in tashi, ruwa ya tafasa.