Malam In-Komai da Kwanon Rufi

In-Komai ba sunan yanka ba ne. Ɗalibai ne suka laƙaba masa, su kuwa ɗalibai in suka sa maka suna, ko ka canza makaranta zai riga ka isa. Shekarunsa na aiki kaf a gaban allo ya yi su, yana koyar da tattalin arziki a sakandare. Duk bayanin da zai yi sai ya ɗaga yatsansa da ya yi fari fat da alli ya ce, "In komai na nan yadda yake, farashi ya sauka, masu saye za su ƙaru." Yara suka gaji da ji, suka gutsuri farkon maganar suka manna masa. Har sababbin malamai sun sha kiransa da shi, suna zaton sunan mahaifinsa ne.

Siririn mutum ne mai tabarau, mai son a ce ya yi gaskiya. Ba shi da mugunta ko kaɗan, amma in ya fara bayani ba ya jin sallama. Matarsa kuwa Gwamnati yake ce mata, wai don ita ce mai tsoma baki a harkar kasuwar gidan, ta ƙayyade abin da za a saya, ta hana abin da ta ga dama. Ita ma ta karɓi muƙamin hannu bibbiyu, ba ta taɓa tunanin sauka ba.

Abin da allo ya bar masa shi ne tari. Ƙurar alli ta zauna masa a ƙirji, in ta motsa sai ya dafa bango. Da ya yi ritaya likita ya gaya masa ƙiri-ƙiri cewa in yana son ganin jikokinsa sun girma, ya yi sallama da allo. Malam ya ce ya ji. Amma fansho ba ya kai su ƙarshen wata, ga kuma mai wata makarantar kuɗi a bayan layinsu da ke ta aiko masa gaisuwa, yana cewa ƙofa a buɗe take. Shi ya sa ranar da ya kwaso kayansa daga ofis ya haɗo da kwalin alli sabo fil, ya ɗora a kan kabad ɗin ɗakin kwana. Gwamnati ta tambaye shi na mene ne. Ya ce, "Ko da za a buƙata." Dukansu sun san ma'anar maganar. In kuɗin sallamarsa ba su haifar da abin da zai riƙe gidan ba, allon nan zai koma, da ƙirjin nasa a haka.

Don haka da kuɗin suka fito bai yi gaggawa ba. Ya ce shi da ya koyar da ilimin nan tsawon rayuwarsa, abin kunya ne ya zuba dukiyarsa a kan jita-jita. Ya riƙa fita da safe yana zaga sababbin unguwanni da ƙafa, hannu a baya, yana kallon gine-ginen da suka kai linta suka tsaya suna jiran rufi. Ya dawo ya baje wa Gwamnati darasi a kan tabarma.

"Ranki ya daɗe, duba nan. Jama'a ƙaruwa suke yi. Duk wanda ya girma ɗaki yake nema. Mutum zai iya shiga gida babu fenti, zai iya shiga babu silin, amma wa kika taɓa gani ya tare a gida babu rufi? Buƙatar kwano ba ta da ranar ƙarewa. Kamfani ɗaya ne kuma ya riƙe kasuwar, kowace shekara yana raba riba."

"To Malam, ni dai a bar mana na cefane," in ji ta.

Ya tafi ofishin dillalan hannun jari, inda wata tsohuwar ɗalibarsa take aiki. Monita yake kiranta har yanzu, don ita ce mai goge masa allo a zamanin tana aji. Ta miƙe tsaye da ta gan shi, ta sa aka kawo shayi. Da ta ji duka kuɗin yake so a zuba a kamfani ɗaya, sai ta gyara zama.

"Malam, da an raba su gida uku ko huɗu. Kuma harkar kwanon nan, ana ta shigo da wasu ƙananan injuna..."

"Monita, wa ya koya miki zana layin buƙata?"

"Kai ne, Malam."

"To saya mini."

Ta saya masa. Ba ta iya jayayya da mutumin da ya taɓa sa ta tsallen kwaɗo ba.

Shekarar farko abin ya yi daɗi. Rabon riba ya shigo, Malam ya yi wa Gwamnati ɗinki, ya canza gilashin tabarau. Tafiyarsa ma ta canza. In ya wuce ginin da ake rufawa sai ya tsaya ya yi wa ma'aikata sannu da aiki, kamar shi ya ɗauke su. Daga baya farashin hannun jarin ya fara zamewa kaɗan-kaɗan, Monita ta kira ta gaya masa, ya ce iskar kasuwa ce, mai ilimi ba ya firgita da iska.

Sai damina ta zo ta tona asirin rufin gidansa. Yoyon bai tashi sauka ko'ina ba sai tsakiyar gado. Gwamnati ta ajiye robar wanki a kan katifa, ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Mai kamfanin kwano, ga kamfaninka nan yana ɗiga."

Washegari ya nufi layin masu kayan gini. Rabonsa da layin tun yana aiki, lokacin shagon wakilin kamfanin ne kaɗai ke sayar da kwano, mutane na layi, yaron shago na amsa gaisuwa da ka. Yanzu kuwa tun daga bakin titi ƙarar ƙarfe ta tare shi. Rumfa bayan rumfa, kowace da injinta a ciki, ana zura masa shimfiɗaɗɗen ƙarfe ta baya yana fitowa a lanƙwashe ta gaba. Kafin ya yi taku kaɗan an riƙe masa hannun riga.

"Baba, shigo ka gani, kallo kyauta ne!"

"Alhaji, rabu da shi, nawa ya fi kauri, taɓa ka ji!"

Ya fara leƙa shagon wakilin kamfaninsa, don kara. Ya tarar da mutumin yana gyangyaɗi a kan kujera, kwano jibge har sama ƙura ta rufe shi. Ya tambayi farashi, aka faɗa, ya ce a rage, aka ce farashin kamfani ne, ba a taɓa shi. Malam ya fito.

A nan fa malamin tattalin arziki ya tashi a jikinsa. Ya shiga rumfar farko ya ji farashi, ya kai shi ta biyu aka karya, ya dawo da na biyun ta farko aka sake karyawa. Wani ya ce zai yanka masa daidai tsawon ɗakinsa, ba asarar ko taƙi. Wani ya ce zai ƙara masa ƙusoshi. Na ƙarshe ya rantse zai kai masa har ƙofar gida a motarsa, kyauta. Malam ya ji wani daɗi ya ratsa shi tun daga ka har ƙafa. Abin da ya yi shekaru yana zanawa a allo yara na hamma, ga shi yau da ransa yana ja masa riga. Har ya ɗaga yatsa ya ce wa mai rumfar, "Ka san sunan wannan? Gasa ke nan. Mai saye shi ne sarki." Mai rumfar ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, kawo kuɗin."

Aka loda kwano, ya shiga gaba kusa da direba, yana ta murmushi shi kaɗai yana shirya yadda zai ba Gwamnati labari. Don hira ta yi daɗi ya tambayi direban yadda aka yi rumfunan suka yi yawa haka.

"Ai Baba abin ba wuya. Inji ne, da rumfa, da wuta. Ƙarfen a naɗe ake kawo shi, kowa wuri ɗaya yake saye. Ni ma nan da ka gan ni, ni da yayana muna haɗa kuɗin namu injin. In Allah ya yarda baɗi war haka na daina tuƙi."

Murmushin Malam ya tsaya a inda yake. Ya waiwaya ta gilashin baya ya kalli kwanon da ke ƙara a bayan mota. Ba na kamfaninsa ba ne. Shi da ya zuba duk abin da ya mallaka a kamfanin, shi da kansa ya taka ya wuce shagonsu ya saya a wurin wasu, yana murna. To wane ne zai tsaya? Sarkin da ya gama murƙushe farashi a layin nan, aljihunsa ya murƙushe.

Lissafinsa na buƙata bai yi ƙarya ba, gidaje na nan ana ta ginawa. Ɓangaren masu samarwa ne bai taɓa waiwaya ba. Sana'ar da direba da yayansa za su iya shiga cikin shekara guda, riba ba ta daɗewa a cikinta, ko da duniya duka rufi take nema. Wannan ma yana cikin darasin zango na biyu, shi ya koyar da shi. Maganar nan tasa ta kullum, "in komai na nan yadda yake," sharaɗi ce da ake gindayawa don a sauƙaƙa wa yara lissafi a aji. Shi kuwa ya maimaita ta har ya ɗauka haka duniya take. Tari ya sarƙe shi, sai da direban ya rage gudu ya miƙa masa ruwa.

A gida Gwamnati ta fito tana yaba kwano, ta ga fuskarsa ta bi shi ɗaki. Ya zauna a bakin gado kusa da robar, ya gaya mata komai, bai rage ba. Wannan karon babu ɗaga yatsa.

"Kuɗin sun tafi ke nan?" ta tambaya.

"Ba su tafi ba tukuna. Amma suna bakin ƙofa."

Ta ɗaga kai ta kalli kwalin da ke kan kabad, ta sauke ido. "Malam, ni ba kuɗin nake ji ba. Wallahi ba zan iya sake zama ina jin tarin nan naka ana dawowa da kai daga aji ba."

Da safe ya riga masu shara isa ofishin dillalan. Faɗa wa ɗalibarka cewa ka faɗi jarrabawar da kai ka saba shiryawa ba ƙaramin abu ba ne, amma ya daure ya faɗa. Monita ba ta yi dariya ba, Allah ya yi mata albarka.

"Injunan nan ne na so in gaya maka tun ranar, Malam."

"To me ya hana ki ɗaga murya?"

"A ajinka wa yake ɗaga murya?"

Ta sa hannun jarin a kasuwa, ta gargaɗe shi cewa masu saye sun yi ƙaranci, sai an yi haƙuri. Kwanakin da suka biyo baya Malam bai san ɗanɗanon abinci ba. Waya na aljihun gaba, ko alwala zai yi sai ya ɗora ta inda zai gan ta. Kamar da gayya, a cikin kwanakin ne mai makarantar kuɗin ya tare shi a hanya, ya yi masa gaisuwa mai tsawo, ya ce har yanzu ba su sami malamin kirki ba. Malam ya amsa da "Allah ya kawo," ya wuce.

Ranar da kiran ya zo yana tsakar gida yana gyara ƙafar kujera. Monita ta ce an sayar duka. An yi asara, ba za a ɓoye ba, amma ta gefe ce, uwar kuɗin na nan. Malam ya ce "Alhamdu lillahi" ya fi a ƙirga, ya zauna a kan kujerar da bai gama gyarawa ba, ta kusa kayar da shi. Gwamnati ta fito da ludayi a hannu, ta ji labari, ta koma kicin ta yi kukanta a can.

Ya koma wurin Monita, wannan karon shi ne a kujerar ɗalibi. Kowane kamfani ta ambata, tambayarsa ta farko ita ce, "Direba da yayansa za su iya buɗe irinsa?" In ta ce za su iya, sai ya ce a wuce. Suka raba kuɗin wuri-wuri, a sana'o'in da ba su dogara da juna ba. Abin da ke shigowa bai kai na shekarar farko ba, amma yana haɗuwa da fansho ya kai su ƙarshen wata.

Kwanon kuwa ya daɗe jingine a zaure, don kafintan unguwar mutum ne mai arzikin "gobe". Kafin ya zo, rahoton kamfanin ya fito a jarida: babu rabon riba, farashin hannun jarin ya rufta. Malam bai yi murna ba, ya san akwai tsofaffi irinsa a ciki. Ya dai ninke jaridar, ya daɗe zaune yana jin numfashinsa na shiga yana fita ba tare da ya sarƙe ba.

Da kafintan ya ga dama ya zo, ya hau tsani ya yaye tsohon rufi, rana ta faɗo har kan gado. Can ya leƙo ta tsakanin katakai.

"Malam, ko akwai ɗan guntun alli a gidan nan? Zan ja layin ƙusa, nawa ya faɗi."

Malam ya shiga ɗaki, ya taka kujera, ya sauko da kwalin daga kan kabad. Ya hure ƙurar da ke kansa, ya kawar da fuska. Ya fito ya miƙa shi sama.

"Kai, Malam, guda ɗaya na ce. Wannan ai sai ya shekara goma a wurina."

"Riƙe duka," in ji Malam. "Ba a buƙata."

Gwamnati na tsaye a ƙofar kicin tana kallo. Ran nan dai ba ta tsoma baki ba.