Ranar da Kawu ya karɓi gaisuwar mutuwarsa

Da kamfanin da nake yi wa aiki a Parakou ya sallame mu, sai na rantse ba zan ƙara dogara da maigida ɗaya ba. Na samu aiki biyu, duka daga gida ake yi: a ɗaya ina amsa saƙonnin masu saye, a ɗayan ina fassara takardu daga Faransanci. Kowannensu ya ɗauka ni nasa ne shi kaɗai. Na jera kwamfuta biyu a ɗakina a unguwar Albarika, ina juya kai dama da hagu kamar mai sallame salla.

Wata Talata tarukan wuraren biyu suka faɗo ƙarfe goma daidai. Duk wanda ya gano ni korata zai yi, ni kuwa na ɗanɗani kora, ba daɗi. Sai na rubuta wa shugabar masu fassara cewa kawuna ya rasu a Djougou. Kawun nan shi ya riƙe ni tun ina ƙarami. Tsohon ɗan kasuwar goro ne, lafiyarsa ƙalau, ya fi ni cin sakwara.

Ashe shugabar ma 'yar Djougou ce. Ta tambayi gidan, na faɗa mata, don a wurinmu ba a ɓoye gidan makoki. Kashegari mahaifiyarta ta ɗauko wasu mata biyu da ƙullin goro don yi mana gaisuwa, suka yi sallama, suka tarar da mamacin a zaure yana jin rediyo. Ba su san fuskarsa ba, sai suka ɗauka ƙanin marigayi ne. Kawu ya kashe rediyo, ya sunkuyar da kai, ya amsa kowace addu'a da amin. Har ya ƙara musu da cewa marigayin mutum ne mai haƙuri, musamman da 'ya'yan riƙo.

Suna fita ya kira ni.

"Ɗana, an yi mini addu'a mai kyau, goron ma ba laifi. Amma ka sani, a wurin aiki sau ɗaya kawu yake mutuwa. Ka riga ka cinye ranarka."

Na yi dariya, na ba shi haƙuri, na ce zan zo ƙarshen wata. Ban je ba. Mai aiki biyu ba ya da ƙarshen wata.

Da shekara ta zagayo, Allah ya yi masa rasuwa da gaske. Masu saƙonni suka ba ni kwana uku ba gardama. Masu fassara kuwa me zan ce musu? Na yi tunanin ƙirƙiro wani kawun, amma gidan ɗaya ne, kuma tsohuwar ta san hanya. Ranar jana'izar kuma suna da taron da aka ce wanda bai zo ba kada ya ƙara zuwa.

Na isa Djougou da kwamfuta a jaka. Aka sa jana'iza ƙarfe goma, daidai lokacin taron. Na ce wa kaina minti biyar kawai, na shige ɗakinsa, na ɗora kwamfutar a kan akwatinsa, na gyara hula, na shiga taron. Shugabar ta dube ni ta ce ta ji daɗi, da alama na warware daga rashin bara. Na ce Alhamdulillahi. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Tana cikin yaba ƙwazona na ji kabbarar farko ta taga. Na danna maɓallin rufe murya, don kada su ji.