Naman Layya a Jaridar Mama Odesa

Ni nas ce daga Jos, sunana Irene Chollom. Cikin tsofaffin da na yi jinya a Fort Washington babu wadda ta kai Mama Odesa Pruitt taurin kai, babu kuma wadda aka yi wa abin da ya ƙona mini rai kamar ita.

Baƙar fata ce 'yar Amurka, ta haura casa'in, ba ɗa ba jika. Tana budurwa take fitar da 'yar jaridarta ta mako-mako a Washington, zamanin da baƙaƙen fata ke fafutukar a ɗauke su mutane. Ita ce edita, ita ce mai talla. Mai gida ya hana baƙar fata haya, ta buga sunansa. An bar mai naƙuda a bakin ƙofar asibiti saboda launin fata, ta buga. Da abin ya ishi waɗanda take tona wa asiri, suka cinna wa ofishinta wuta. Kwali biyu na jaridu ta fitar da hannunta, har yau tabon ƙuna na nan a damtsenta. Duk duniya babu wani kwafi sai waɗannan.

Da likitoci suka ce ta koma gidan tsofaffi, damuwarta ɗaya ce: wa zai riƙe kwalayen? Ta zaɓi maƙwabcinta, Dakta Maitama.

“Likita ne daga Afirka,” ta ce mini, fuskarta cike da alfahari. “'Ya'yansa za su karanta, su san wanda ya buɗe wa ubansu ƙofa.”

Dakta ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya kamar an ba shi kujerar Makka, ya ajiye a gareji.

Ranar Babbar Sallah, kafin Mama Odesa ta tashi, aka kawo wa su Dakta ragon layya daga gona. Ba na musu, mutane ne masu kyauta, ba sa manta maƙwabci. Da yamma aka aiko wa Mama Odesa rabonta na soyayyen nama, a naɗe cikin takarda kamar yadda masu tsire ke yi a gida. Ta fara buɗewa tana murmushi, sai hannunta ya tsaya. Mai ya jiƙa takardar, amma sunanta na nan a sama.

Ko takalmi ban saka daidai ba na tsallaka titi. Garejin a buɗe, an shimfiɗa jaridun a ƙasa kaf, an yanka nama a kai. Jini, kitse, ruwan hanji. Matar Dakta, Hajiya Mubina, tana tattara su cikin baƙar leda.

“Hajiya, kin san abin da kuka shimfiɗa kuwa?”

“Haba Sista Irene, old papers ne fa. Kar jini ya ɓata mana floor, kin san garin nan.” Ta rage murya. “Su baƙaƙen nan ba sa gajiya da maganar bauta da wariya. Mu aiki ya kawo mu.”

Baƙaƙen nan! Na dubi hannunta, ya fi nawa duhu. Mijinta kullum ta babbar ƙofa yake shiga asibiti da farar riga, yana ganin hazaƙarsa ce kaɗai ta shigar da shi. Wallahi da ba don ranar idinsu ba ce, da na faɗi abin da ba zai gyaru ba. Na durƙusa na tona ledar. Shafukan suna narkewa a hannuna.

Na koma hannu rabbana. Mama Odesa ta shimfiɗa shafin nan ɗaya a cinyarta, tana goge man da gefen rigarta.

“Yaran sun karanta ko guda ɗaya?”

Na so in yi mata ƙarya, amma sai na girgiza kai.

Ta jima tana kallon tagar maƙwabtan, inda ake ta hira da dariya.

“Masu wutar nan,” ta ce, “sai da suka karanta kafin su ƙona.”