Tafintan da Ya Tsayar da Kotu Saboda Kalma Ɗaya

Kafin masu shara su gama da farfajiyar kotu, Baba Tafinta ya riga ya zauna a bencinsa na bakin taga, da tabarau ɗaure da zare, da ƙamus ɗin da ya daɗe da rabuwa da bangonsa. Shekara talatin da biyu ke nan. A watan nan zai ajiye aiki, ni kuwa ba zan bari ya sulale shiru ba, ko da zai yi fushi da ni.

Har yau magatakarda yana ba da labarin shari'ar wata mata da mijinta ya rasu ya bar mata gona a bakin kogi. Maƙwabcinta ya ce faɗin da ya ƙaru ta gefen ruwa nasa ne, alhali nan take noman ranin da take ciyar da 'ya'ya huɗu. Lauyanta ya miƙe yana zuba Turanci, sai ya jefo kalmar "accretion". Baba, da ke fassara mata, ya ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe," ya ce wa alƙali, "wannan ban san ta ba. A ba ni minti biyar."

"Yau tafinta na neman tafinta!" in ji lauyan maƙwabci, kotu ta kwashe da dariya.

Da wani ne, sai ya shafa zancen ya wuce. Wa zai gane? Baba ya ji kunya har gumi ya keto masa, amma ya bi ƙamus da yatsa, sannan ya juyo.

"Iya, ƙasar da ruwa ke kawowa kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru, har ta zama gona. Ita lauyanki yake cewa taki ce."

"Au, ita ake wa wannan Turancin? Ai duk shekara in ruwa ya janye, marigayi sai ya kafa turke a sabon bakin. Sha tara ne, suna nan a jere."

Ko lauyanta bai taɓa jin wannan ba. Aka je aka ƙirga, gona ta zauna a hannunta.

Kai ne bakin marar baki, Baba. Kai ne ka zaɓi a yi maka dariya da a yi mata ƙwace. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Ku da za ku gaji bencinsa, ku koyi cewa "ban sani ba" a gaban jama'a. Akwai yara huɗu da suka ƙoshi saboda wannan kalma.