Yadda Kwalbar Surukata Ta Mayar Da Ni Marowacin Landan

A iya sanina, duk zuri'armu babu wanda ya taɓa kai wa surukarsa wiwi har ɗaki, ya durƙusa, ya miƙa da hannu biyu, ta karɓa ta sa masa albarka, sai ni. Kuma da izinin hukuma na yi, da sa hannun babban likita. Da kakana zai ji wannan labari a inda yake kwance, na tabbata sai ya aiko a mayar masa da sunansa da aka sa mini.

Surukar tawa, wadda kowa ke ce wa Hajiya, wankan jegon 'yarta ne ya kawo ta Landan. Jaririyar da aka haifa yanzu tana jami'a, Hajiya kuwa har yau ba ta gama haɗa jakar komawa Kano ba. Muna zaune tare a wani flat na council, wato gidan hayar hukuma, a unguwar Whitechapel, irin wanda in ka yi atishawa a kicin sai na banɗaki ya ce maka yarhamukallah. A cikin wannan ɗan akurki muke riƙe da kunyar surukai cikakkiya, kamar a gida mai zaure uku. Ba ta taɓa kama sunana ba, Malam take ce mini, alhali ni direban tasi ne. Ni kuma ban taɓa cin abinci a gabanta ba. Rabin tuwon da na ci a ƙasar nan a tsaye na ci shi, a bayan ƙofa, ina tauna a hankali kamar ɓarawo.

Sai ciwon jijiya ya kama ta, daga ƙugu har tafin ƙafa. An gwada ƙwayoyi kala-kala, wannan ya lalata mata ciki, wancan ya sa ta jiri, wani kuma ya sa ta barci tana tsakiyar faɗa da jikarta. Amma ba ciwon ne ya fi ci mata rai ba, sallah a zaune ce. Na sayo mata wata kujera mai naɗewa, ni nake ɗaukarta duk inda za a je, ita kuwa tana kallon kujerar kamar ita ta yi mata asiri. Mace ce da ta saba doguwar tsayuwa, ga ta yanzu tana ruku'u da wuya kawai.

Uwargidana nas ce, ita ta ji cewa a ƙasar nan doka ta yarda a ba mara lafiya maganin da aka yi da wiwi. Amma ba likitan unguwa ke fara rubutawa ba, sai babban likita ƙwararre, shi ma sai ya ga bayanan asibiti sun nuna an gwada wasu magunguna ba su yi ba. Muka yi booking a wani asibitin kuɗi, likitan ya gan mu ta bidiyo, uwargida tana tafinta, ni ina raɓe a gefe don kada in cika wa Hajiya ido.

Da likitan ya faɗi sunan abin, sai uwargida ta tsaya tana gyara ɗankwali.

"Me ya ce?" in ji Hajiya.

"Ya ce wani ganye ne, Mama. Mai ake yi da shi, a ɗiga a ƙarƙashin harshe."

"Zogale?"

"A'a."

"To ganyen ba shi da uba ne? Faɗi sunansa mana."

"Wiwi ce, Mama."

Hajiya ta dubi 'yarta.

"Ta 'yan tasha?"

"Ita ce, amma wannan ta asibiti ce."

Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Sai da ta sa aka tambayo mata malami, aka ce lalura ce, in dai likita ya rubuta kuma an tsaya a kan awon da ya ce. Sannan ta amince, da sharaɗi ɗaya: kada ta ƙara jin wannan suna a gidan. Daga ranar abin ya zama man Likita.

To wa zai riƙa karɓowa? Hajiya ba ta iya hawa tube, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, uwargida kullum tana wurin aiki, ni ne mai lokacin kansa. Sai aka sa sunana a matsayin carer, wato wanda mara lafiya ya wakilta ya karɓo masa magani ya kula da shi. Wata baturiya a kemis ɗin da ke ba da maganin ta karanta mini dokokin a tsaye, kamar huɗuba. In zo da katin shaida duk lokacin da zan karɓa, in kuma aikowa aka yi gida, in sa hannu. Kwalbar ta zauna a cikin kwalinta, da tambarin da ke ɗauke da sunan Hajiya, kada a juye a wani abu. In zan fita da ita, in riƙe kwafin takardar likita. Ni izinin ɗauka kawai nake da shi, ba na lasa ba. Babban abin kuma, ta maimaita har da ɗaga yatsa: harshe ɗaya ne tak a duk Ingila aka halatta wa wannan kwalba. In aka ba wani, ko ɗigo ne, ko kyauta ne, a idon doka ni da mai sayarwa a lungu sunanmu ɗaya, likita kuma yana iya daina rubutawa.

Wani abokina da ke Amurka ya ce mini a waya, ai a wasu jihohinsu mai kula da mara lafiya har shukawa yake yi, me zai hana in sa tushe ɗaya a baranda, tsakanin yakuwar Hajiya da tumatirinta. Na tambayi baturiyar, don dai neman ilmi. Irin kallon da ta yi mini, har yau in na ga tukunyar fulawa sai na tsallaka titi.

Maganin bai yi abin al'ajabi rana ɗaya ba. A hankali ya yi, likita yana ƙara awon kaɗan-kaɗan. Wata safiya ina wucewa ta ƙofar ɗakinta sai na hango Hajiya a tsaye a kan darduma, kujera tana jingine da bango. Ta yi ruku'u na gaske, da baya. Na koma kicin na tsaya ina kallon tukunya, don ban san inda zan sa fuskata ba.

Nan kuma fitina ta fara, domin mu mutane ne da magani ba ya da mai shi. In ya yi wa ɗaya aiki, ya zama na unguwa. Ka je dubiya ka ce kanka na ciwo, mai jinya zai laluba ƙarƙashin matashi ya ɓallo maka biyu daga nasa. Hajiya kuwa ita ce sarauniyar wannan sana'a. Ta raba man zafi, ta raba ƙwayar hawan jini, akwai maganin ɗigawa a ido da na san ya zaga gida bakwai kafin ya dawo mana fanko. A duniya babu zagin da take tsoro kamar a ce mata marowaciya.

Labari ya kai unguwar Deptford cewa Hajiya ta miƙe. Wata Asabar sai ga aminiyarta, wadda muke ce wa Hajiyar Deptford, da wasu mata biyu, sun zo barka da lemo da ayaba. Hajiyar Deptford tsohuwa ce mai gwiwa biyu da ba sa jituwa da ita, ga ciwon zuciya, ga baki kamar reza. An gaisa, an ci cincin, an zagi sanyi. Ina ƙofa ina sa takalmi zan fita aiki, sai na ga Hajiyar Deptford ta zuge jaka ta fito da wata 'yar kwalbar turare wadda ta wanke tas, ta ajiye a kan tebur.

"Malam," in ji Hajiya daga ciki, "ɗauko man nan a ɗan tsiyaya wa Hajiya."

Kwalbar tana cikin wani ɗan akwati mai makulli, makullin yana aljihuna. Na tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. In na tsiyaya, kwalba za ta ƙare kafin lokacinta, likita zai tambaya, uwargida ba za ta yi masa ƙarya ba, Hajiya ta koma kan kujera. Ban ma san abin da man zai yi wa mai ciwon zuciya ba. In kuma na ƙi, na ƙi surukata a gaban baƙi, abin da ko mahaukacin unguwarmu bai taɓa yi ba. Gaskiyar da za ta fitar da ni kuwa kalma ɗaya ce, kuma ita ce kalmar da aka haramta a gidan. In na faɗe ta, kafin la'asar Kano ta ji cewa Hajiya ta tsufa a kan wiwi.

Na shiga na durƙusa a bakin ƙofa, na sunkuyar da kai.

"Hajiya, a yi haƙuri. Ba zai yiwu ba."

Surukata ta juyo ta dube ni.

"Malam, ba ka ji ni da kyau ba ne? Kaɗan na ce."

"Na ji, Hajiya. Likita ya ce ke kaɗai."

"Likitan yana ƙarƙashin gado ne?" in ji Hajiyar Deptford. "Kai yaro, ɗigo nawa ne a kwalbar da za ka tsaya kana mana wa'azi? Na sha ɗaukar matarka a baya tana fitsari."

"Mama, in kina so sai 'yarki, uwargidana, ta haɗa takardunki na asibiti, a nema miki ganin likitan, shi zai duba ko ya dace da ke."

"Ji shi. Magani sai da takardu, kamar biza."

Ina jiran Hajiya ta ɗaga rufin gidan ta kifa a kaina. Sai ta yi ajiyar zuciya mai tsawo, ta juya ga baƙinta, ta buɗe tafin hannu.

"Kun dai gani da idonku. Haka nake fama a gidan nan. Ni kaina ɗigo-ɗigo yake ba ni, yana tsaye yana ƙirgawa. Ya kulle a akwati, ko wanka zai shiga da makullin yake shiga."

"Sannu, 'yar'uwa," in ji ɗaya daga cikin matan. "Ga shi da tumbi kamar mai kyauta."

"Tumbin ai na abin da ya hana mutane ne," in ji Hajiyar Deptford, ta mayar da kwalbarta cikin jaka.

Na fita aiki ranar ina ɗaukar fasinja ina sauke su inda ba su ce ba. Na gama tsara yadda zan nemi gafara, har da wanda zan turo ya yi mini biko. Da na dawo da yamma sai na tarar da kwano a rufe a inda nake tsayawa cin abinci. Dambun nama ne, wanda Hajiya ke ɓoyewa a ƙasan akwatinta, wanda ko jikarta sai da rantsuwa take samun tsinke ɗaya.

"Daga ina?" na tambayi uwargida.

"Mama ce ta ce a ba ka." Tana ƙoƙarin haɗiye dariya. "Ta ce kuma Asabar mai zuwa akwai wasu baƙin, kada ka fita da wuri."

Ashe tun a bidiyo da likita ya ce man nata ne ita kaɗai, Hajiya ta ji, ta kuma riƙe fiye da ni. Ta san ba za a bayar ba, ta san bakinta ba zai iya cewa a'a ba. Abin da take bukata shi ne marowaci a gida, Allah kuma ya ba ta suruki wanda ba shi da ikon musa mata.

Tun daga nan muka shiga sana'a, ba tare da mun taɓa yin maganarta ba. Baƙi su zo, ta kira ni da murya mai taushi, in durƙusa in ce ba zai yiwu ba, ta yi ajiyar zuciya, a yi mini ruwan zagi, da yamma in ga kwano. Har na ƙware. Nakan ɗan ɓata rai, in shafa aljihun makulli don a gani. Sunana ya zaga Landan ta inda tasi ɗina bai taɓa zuwa ba. A wurin wani suna na ji wata tana nuna ni tana cewa wannan ne wanda ke auna wa surukarsa ruwan sha da cokali. Wani dattijo ya ja ni gefe ya yi mini nasiha a kan falalar ciyarwa, na ce na gode, zan gyara.

Da sallar idi ta zo muka tafi babban masallacin da ke gefen Regent's Park. Na fito da kujerar daga but ɗin mota kamar yadda na saba, Hajiya ta ce a riƙe mata, ta wuce ɓangaren mata da ƙafarta. Na yi tawa sallar na fito na tsaya a harabar rungume da kujera. Uwargida ce ta fara fitowa, idonta ya yi ja, ta ce mini a tsaye Mama ta yi raka'a biyun, ba ta ko dafa kowa ba.

Can sai ga Hajiya cikin ƙawayenta, Hajiyar Deptford tana ɗingishi a gefenta. Hajiya ta yafito uwargida, uwargida ta zo ta zare kujerar daga hannuna ta kai mata. A gaban jama'a Hajiya ta danƙa wa aminiyarta ita.

"Ungo, 'yar'uwa, ni na gama da ita. Maza ki sa a mota kafin Malam ya ce ba zai yiwu ba."

Hajiyar Deptford ta karɓa ta sa mata albarka, ta harare ni, ta riƙe kujerar da hannu biyu har ta ɓace a cikin mutane. Ni kuwa, da na sayi kujerar, na shafa aljihuna na ji makulli yana nan, na je na buɗe wa Hajiya ƙofar motata ta baya.